Babbar Mota Salun ga Dattijo: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin a Biya Kuɗi

Idan dattijo ya ajiye aiki aka biya shi garatuti, ko kuwa 'ya'yansa suka haɗa kuɗi don su hutar da shi hawan adaidaita sahu, shawara takan tsaya a wuri guda: a saya masa babbar mota. Salun ake nufi, doguwa mai faɗi, irin su Toyota Avalon, Lexus ES 350, ko Marsandi E-Class da S-Class, wadda in ta tsaya a ƙofar gidan ɗaurin aure kowa zai san babban mutum ya iso. Hujjojin da ake kawowa sanannu ne. Ta dace da girmansa, tana da daɗin zama, kuma in tsautsayi ya gitta ta fi ƙaramar mota kare rai. Akwai gaskiya a cikin wannan, ba kaɗan ba. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a kira dillali, kuma ita ake yawan tsallakewa: Baba ne zai riƙe sitiyarin da kansa, ko a baya zai zauna wani ya ja shi? Motar da ta fi kowace daɗi ga wanda ake tuƙawa tana iya zama wahala ga mai shekara 70 da zai shiga da ita kasuwa shi kaɗai.

Son babbar salun yana da asali. Waɗanda ke da shekara 65 zuwa 75 a yau sun yi ƙuruciyarsu a zamanin Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Ita ce motar babban ma'aikaci, ita ce motar ofis, Marsandi kuwa ta manyan attajirai. Wanda ya tashi a haka, jif a idonsa motar daji ce, ƙaramar mota kuma ta yara. Amma a auna a gani. Tsawon 504 bai kai mita huɗu da rabi cif ba. Corolla ƙirar 2009 zuwa 2013, wadda ake rainawa a ce ƙarama ce, ta ɗan fi ta tsawo da faɗi. Ita kuwa Avalon ƙirar 2005 zuwa 2012 tsawonta mita 5 ne, faɗinta kuma kusan santimita 185. Wato dattijon da hannunsa ya saba da 504, in ya hau Avalon, an ƙara masa rabin mita na ƙarfe da idonsa bai saba lissafawa ba. Sannan 504 tana da tsayi daga ƙasa, an san ta da jure gargada, abin da manyan salun na yanzu ba su da shi.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci an ƙera su ne don titunan Amurka masu faɗi da man fetur mai araha. Avalon a jihar Kentucky aka riƙa yin ta, kuma a can ma an san ta da motar masu manyan shekaru. To su can ɗin kasuwarta ta mutu. Kamfanin Ford ya daina ƙera Lincoln Town Car da Crown Victoria a 2011, ya daina Taurus a Amurka a 2019. Chevrolet Impala ta tsaya a 2020, Toyota ta janye Avalon daga kasuwar Amurka bayan ƙirar 2022, Chrysler 300 ta bi bayansu a 2023. Masu saye sun koma kan ƙananan jif, har da tsofaffin da ake yi wa waɗannan motoci, kuma ɗaya daga cikin dalilansu shi ne sauƙin shiga da fita. Abin da wannan ke nufi a gare mu shi ne, manyan salun da ke shigowa a matsayin tokumbo kullum ƙara tsufa suke yi.

Inda babbar salun ta yi zarra

A ba ta haƙƙinta. A kan doguwar hanya mai kyau, kamar daga Kano zuwa Kaduna a inda aka gama aiki, babu abin da ya kama ƙafarta. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya tana da yawa, don haka ba ta jijjiga mutum kamar ƙaramar mota. Ƙarar iska da ta titi ba sa shigowa sosai. Kujerunta suna da faɗi, mai ciwon baya yana iya yin awa uku a zaune bai sauka a karye ba. But ɗinta yana ɗaukar keken guragu a naɗe har da kaya. Kuma da yake tana kwance kusa da ƙasa, ba ta tangaɗi a kwana, ba ta saurin kifewa kamar jif.

Batun kare rai shi ma ba tatsuniya ba ne. In motoci biyu suka yi karo, mara nauyin ce ke shan girgiza mafi tsanani, kuma dogon bonet yana ba ƙarfe wurin lanƙwasawa ya shanye ƙarfin dukan kafin ya iso ga mutum. Wannan ya fi muhimmanci ga tsoho fiye da yaro. Masu nazarin haɗurran mota a Amurka sun daɗe da lura cewa daga wajen shekara 70 zuwa sama, yawan mutuwar direbobi a kan kowane nisan da suka tuƙa yana hauhawa, kuma babban dalilin shi ne raunin jiki. Bugun da zai bar ɗan shekara 30 da ƙujewa yana iya karya wa ɗan 75 haƙarƙari, daga nan sai ciwon huhu ya biyo baya.

Amma a sani, wannan fifiko yana aiki ne tsakanin mota da mota. A gaban tirela ko tankar mai, bambancin Avalon da Corolla bai taka kara ya karya ba, kuma su ne suka cika manyan hanyoyinmu. Haka kuma duk girman mota ba ya amfanar wanda bai ɗaura bel ba. Dattawa da dama suna ƙin bel don kada ya yamutsa babbar riga, na kujerar baya kuwa yana ganin shi bai shafe shi ba. Wanda ba a ɗaure yake ba, in aka yi karo, da gudun da motar ke yi zai tafi ya daki gilashi ko bayan kujerar direba.

Gwiwa, wuya da ido

Nan ne maganar take, kuma nan ne masu saye ba sa tsayawa su duba. Kujerar salun tana ƙasa. Mai shiga sai ya sunkuyar da kai, ya lanƙwasa baya, ya saki jikinsa ya faɗa. Mai fita kuwa sai ya fitar da ƙafafu, ya dafa ƙofa ko sitiyari, ya ɗaga dukan nauyinsa da gwiwoyi daga zaman da ya yi kusa da tsuguno. Mai lafiyar ƙafa ba ya ma lura da hakan. Wanda ke fama da ciwon gwiwa ko na ƙugu, ko kuma mai jiki, shi ya san abin da ake nufi, kuma zai yi wannan aiki sau da yawa a yini: masallaci, asibiti, gaisuwar mutuwa, gidan ɗan'uwa. Ƙofofin babbar mota kuma dogaye ne masu nauyi. A wurin fakin mai matsi ba sa buɗuwa sosai, sai mutum ya ratsa ta gefe, hula na bugun saman ƙofa, riga na maƙalewa.

Kujerar da ta fi dacewa da tsoho ita ce wadda tsayinta ya yi daidai da ƙugunsa yana tsaye, ya juya ya zauna kawai kamar a kujerar falo mai tauri. Ƙananan jif irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V a nan suka yi fice. Kada kuma a zarce a ce to a sayi Prado ko Land Cruiser. Waɗannan hawa ake yi, da taka matakala da kama hannu, saukowa kuwa ta fi hawan haɗari ga mai raunin ƙafa.

Sai gani. Daga kujerar da ke ƙasa, direba ba ya ganin ƙarshen dogon bonet, ba ya ganin inda but ya tsaya. Da ƙiyasi yake tuƙi. Ga hajiyar da ba ta da tsawo abin ya fi tsanani, har ka ga ta matso da kujera ƙirjinta na kusan taɓa sitiyari. Wannan kuwa haɗari ne na daban, domin jakar iskar da ke cikin sitiyari da ƙarfi take fashewa, shi ya sa ake so a bar tazarar aƙalla santimita 25 tsakaninta da ƙirji. Idan mutum ba zai iya taka birki har ƙasa ba sai ya manne da sitiyari, motar ba tasa ba ce, kome kyanta.

Da shekaru kuma wuya yana ƙin juyawa. Yin ribas da mota mai mita 5 a cikin lungu, ga yara na wasa, ga akuya, ga mai babur da zai kutso ta inda ba a zata ba, aiki ne da ke buƙatar waiwaye sosai. Wanda gidansa ke cikin tsohon birni, ko a unguwar da layukanta kwata ta cinye rabi, ya fara auna ƙofar gidansa da faɗin layin kafin ya auna aljihunsa. An sha sayen mota a kawo ta gida a tarar ba ta shiga gareji sai an fasa gini.

Titunanmu ma ba su yi wa doguwar salun adalci ba. Tazarar cikin Avalon da ƙasa kimanin santimita 14 ce, ta ƙananan jif kuwa takan kai 17 zuwa 20 gwargwadon ƙira. Ƙara da tsawon motar, sai ka tarar tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da kansu yana gogar cikinta, musamman in an cika ta da iyali. Salansa da kaskon baƙin mai su ke shan wahala. Da damina kuma, layin da ruwa ya kwanta, mota mai ƙasa ita ke fara shaƙar ruwa, injin da ya sha ruwa kuwa sau da yawa sai dai a sauke shi.

Ƙarfin da ya fi buƙata

Manyan salun galibi da injin mai fulogi shida suke zuwa. Na Avalon da Lexus ES 350 lita 3.5 ne, ƙarfinsa ya kai na doki 268 zuwa sama, alhali Corolla mai lita 1.8 tana da 132. A kan babbar hanya wannan ƙarfi yana da amfani wajen wuce babbar mota cikin hanzari. A cikin gari kuwa, in ƙafa ta yi kuskure, shi ne ke mai da ƙaramin kuskure babba.

Kuskuren taka totur a maimakon birki sananne ne ga masu manyan shekaru, kuma galibi a mota otomatik yake faruwa, yawanci a wurin fakin ko lokacin ribas. A watan Afrilun 2019, a unguwar Ikebukuro da ke Tokyo, wani tsohon babban jami'in gwamnati mai shekara 87 ya afka wa masu tsallaka titi, ya kashe wata mata da 'yarta ƙarama, ya raunata wasu. Kotu ta tabbatar totur ya taka yana zaton birki ne, ta ɗaure shi shekara biyar. Bayan wannan lamari tsofaffi da yawa a Japan sun mai da lasisinsu da kansu.

Ba ana nufin a guje wa otomatik ba ne. Ita ce ta fi dacewa da tsoho, don tana hutar da gwiwar hagu daga taka kuloci a cikin cunkoso. Amma wanda ya shafe shekara 40 yana tuƙa mai giyar hannu yana buƙatar kwanaki a fili babu jama'a, har ƙafarsa ta hagu ta koyi zama wuri guda, ta dama ita kaɗai ke aiki. Mai ciwon suga ya ƙara kula, domin cutar takan kashe jin tafin ƙafa, mutum ya kasa bambance abin da yake takawa. Takalmi mara mariƙin dunduniya yana zamewa ya shige ƙarƙashin birki, haka ma bakin babbar riga in ba a tattare ta ba.

Kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Abin da ke yaudarar mutane shi ne farashi. Sau da yawa za ka tarar tsohuwar babbar salun, musamman ta Turai, kuɗinta bai fi na Corolla mai shekarunta ba, wani lokaci ma bai kai ba. Ba don dillali yana son ka ba ne. Kasuwa ce ta riga ta san kuɗin riƙonta, kuma ranar da kai ma za ka sayar, haka za a taya maka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Fansho kuwa bai bi ta da wannan gudu ba. A ma'aunin hukumomin Amurka, Avalon tana shan kimanin lita 12 a kowace kilomita 100 a cikin gari, Corolla kimanin lita 9. Wannan lissafin sabuwar mota ne a titi mai kyau. Tsohuwa, a cunkoso, da na'urar sanyi a kunne cikin zafin Afrilu, ta fi haka sha. Ko a wannan lissafi mai sauƙi, mai tafiyar kilomita 1,000 a wata zai ƙara lita 30 a kan abin da ƙaramar za ta sha. Tankin Avalon lita 70 ne, na Corolla 50. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, amma a tabbatar wanda zai riƙa zuba man ya sani, domin 'ya'ya kan haɗa kuɗin saye sau ɗaya su watse, a bar dattijo da gidan mai.

Gyara ma haka. Injin mai fulogi shida yana cin baƙin mai kusan lita 6 a duk juye, na Corolla lita 4 da ɗoriya. Fulogi uku na baya suna ɓoye a ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance sama kafin a kai gare su, don haka kuɗin aiki ya fi yawa. Tayoyi manya ne masu tsada, kuma masu siririn gefe da ake sa wa manyan rim ba sa jure rami. Da yake kayan gyara daga waje suke zuwa, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta shafe su kai tsaye.

A nan dole a raba tsakanin motocin. Avalon da Lexus ES dangin Camry ne, suna tarayya da ita a inji da kayan ƙasa da yawa, don haka bakanike ya san su, kuma ana samun kayansu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ya gagara a aiko daga Ladipo a Legas. Abin da kan yi wuya shi ne kayan jiki, kamar fitila da bamba da madubin gefe, waɗanda su ne ake yawan fasawa a cikin gari. Tsohuwar S-Class kuwa wata duniya ce. Ƙirar 1998 zuwa 2005 da waɗanda suka biyo ta a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe, in suka fara yoyo sai a wayi gari motar ta durƙusa, gyaran kuma ba na ɗan fansho ba ne. Ga na'urorin lantarki birjik da ba kowane gareji ke iya karanta su ba. A ganina, saya wa dattijo irin wannan mota ba tare da ware masa kuɗin gyara ba, ɗora masa nauyi ne da sunan karramawa.

Shekarar ƙira ta fi girman jiki

In kuɗi ɗaya zai sayi babbar mota ƙirar 2006 ko matsakaiciya ƙirar 2013, ta biyun ta fi. Dalili kuwa shi ne kayan kariya. A Amurka, inda yawancin tokumbonmu ke fitowa, doka ta wajabta na'urar hana mota zamewa a kan duk motocin hawa daga ƙirar 2012. Ita ce ke taka birkin taya ɗaya da kanta in ta ji motar na neman juyawa, kamar lokacin da direba ya kauce wa rami ko dabba da sauri, kuma ita ce ta rage wa jif matsalar kifewa sosai. Kyamarar ribas ta zama dole a kan motocin da aka ƙera daga Mayun 2018, ko da yake da yawa sun zo da ita kafin nan, kuma ana iya sa wa wadda ba ta da ita da kuɗi kaɗan. Ga mai taurin wuya babu abin da ya kai ta amfani, ita da na'urar da ke ƙara in an kusa taɓa wani abu.

Sai dai sabunta ma tana da nata. Wasu sababbin motoci sun kwashe maɓallan rediyo da na sanyi sun zuba a cikin allo, sai mutum ya ɗauke ido daga titi yana laluben rubutu ƙanana. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa uku na kallon allo tafiya ce mai nisa a makance. A nema wa dattijo mai manyan maɓallai da ake murɗawa da hannu. Motar da ake tayarwa da danna maɓalli kuma, in injinta ba ya ƙara, mai raunin ji yana iya fita ya bar ta a kunne. A Amurka an rasa rayuka ta haka, a gidajen da gareji ke manne da ɗakin kwana, hayaƙi ya shiga ya kashe mutane cikin barci, irin yadda hayaƙin janareta ke yi a nan.

Tokumbo kuma ba a saye da ido kawai. Da yawa daga cikinsu motocin da suka yi haɗari ne ko ambaliya ta cinye, aka yi gwanjonsu a can, aka gyara fuska a nan. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma da ita ake binciko tarihin motar a intanet. A sa wani yaro a gida ya duba. Da wannan lamba ce kuma ake gane ko motar na cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Miliyoyin motocin Honda da Toyota da wasu kamfanoni abin ya shafa, shi ne ma ya durƙusar da Takata a 2017. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: in aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kan allon direba ya kamata ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe ba a mayar ba. A duba gefen taya ma. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, zafin kwalta yana fasa ta.

Shi kansa direban

Babu motar da za ta gyara idon da ya yi rauni. Hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan 20 ba, shi ya sa tuƙin dare ke fara gagarar mutum tun kafin na rana. Yanar ido tana sa fitilar motar da ke tahowa ta watsu ta rufe masa gani. Ita kuwa gilakoma ta gefe take fara cin gani, a hankali, babu ciwo, mutum yana karanta jarida lafiya lau amma bai ga mai babur da ya fito ta gefensa ba. Aikin yanar ido yana dawo da gani, kuma ana yin sa a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Kuɗin gwajin ido bai kai na taya ɗaya ba, ya kamata ya riga sayen mota.

A Ingila direba yana sabunta lasisi in ya kai shekara 70, daga nan kuma duk bayan shekara uku. A Japan wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa. A Najeriya lasisi na shekara uku ne ko biyar, kuma shekara biyar lokaci ne mai tsawo ga idon mai shekara 72, don haka ba sai an jira ranar sabuntawa ba, a riƙa zuwa gwaji duk shekara. A kuma tambayi likita game da magungunan da ake sha. Wasu na mura da ƙaiƙayi suna sa barci, wasu na hawan jini suna kawo jiri, na suga kuma yana iya saukar da shi ƙasa in an sha ba a ci abinci ba.

Ranar da za a je ganin mota, a tafi da mai ita, kada a yi masa ba-zata da makulli a cikin ambulan. Ya zo da irin kayan da ya saba sawa. Ya shiga ya fita sau da yawa ba tare da an riƙe shi ba, a lura ko yana cije baki. Ya gyara kujera ya gani ko yana hango gaban motar, ko hannunsa yana kaiwa ga bel ba tare da murɗa kafaɗa ba, ko yana iya jawo ƙofa in ta buɗe gaba ɗaya. Ya tuƙa ta a irin hanyar da zai riƙa bi, ya hau tudun rage gudu, ya yi ribas ya shiga wuri mai matsi. In hajiya za ta riƙa shiga, ita ma ta gwada kujerarta. Kuma a tuna mota ce da za a riƙe shekara biyar ko fiye, gwiwar da ke ɗan ciwo yau ba sauƙi za ta ƙara ba.

Ga dattijon da ke da direba, ko ɗa ko jika da zai riƙa jan sa, wanda gidansa ke bakin titi mai kwalta, yana yawan doguwar tafiya, kuma akwai mai ɗaukar nauyin mai da gyara, babbar salun saye ne mai kyau, kuma a cikinsu Avalon ko Lexus ES sun fi kwanciyar hankali. Ga wanda zai tuƙa kansa a cikin gari da kuɗin fansho, ba ita ba ce. A nema masa ƙaramar jif irin RAV4 ko CR-V in gwiwa ta fara magana ko hanyar unguwa ba ta da kyau, ko Camry mai fulogi huɗu in ya nace sai salun, ƙirar 2012 zuwa sama, otomatik, da kyamarar ribas. Rarar kuɗin a saya masa sababbin tayoyi huɗu, a kai shi gwajin ido.